Sallama a Gidan da Babu Kowa

Tun da na dawo daga Misra ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ko a ofishin malamai ne, ko a teburin mai shayi na bakin tashar Birnin Kudu, da na kai kofi baki sai wani ya ce, "Malam Sunusi, wai ka ga Fir'auna?" Wani kuma ya ce da gaske ne mutanen can ba su san tuwo ba? Akwai wanda ya matso kusa da ni a wurin zaman makoki, ya raɗa mini ko na zo da tsarabar turare. To, ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina.

Da farko dai ba shaƙatawa na je ba, jinya na raka. Baffa Mamuda, yayan mahaifina da ke Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, shi ne yanar ido ta rufe wa idanu duka biyun, har ya koma gane mutane da murya da jan takalmi. Aiki ne da ake yi a Kano, a yi wa mutum da safe ya kwana a gida. Amma babban ɗansa, Yaya Nafi'u, wanda Allah ya buɗa wa a Abuja, ya ce mahaifinsa sai Misra. Ni kuma aka zaɓe ni rakiya saboda ina da fasfo, wanda na yi don aikin Hajjin da har yau bai kira ni ba, kuma dangi sun yarda ina jin Larabci tunda na yi Islamiyya.

Sai na gaya muku wani abu game da gidan Baffa, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya hana ni barci a tafiyar nan ba. A ƙofar gidan akwai zauren ƙasa da kakanmu ya gina, mai rufin daurin guga, wato na ƙasa mai bakuna, da ƙofofi biyu da ba sa kallon juna. A ciki aka raɗa mana suna dukanmu, a ciki aka ɗaura wa iyayenmu aure, daga ciki aka fitar da gawar kakan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka Baffa kan tara mu a yi masa yaɓe, har zuwa lokacin da ido ya hana shi sa ido a kan aikin. Kullum da hantsi tsofaffin unguwa kan taru a ciki, su yi musu a kan damina da siyasa har azahar.

Ana gobe za mu tashi Yaya Nafi'u ya ja ni bayan motarsa. Ya ce, "Sunusi, magana ce tsakanina da kai. Da zarar likita ya ce aiki ya yi kyau, zan sa a sauke zauren nan. Zan sa get na ƙarfe, in yi masa falon baƙi da siminti. Ya dawo da sabon ido ya ga sabon gida."

Na ce, "Yaya, Baffa ya sani?"

Ya ce, "In ya sani ai ba za a yi ba. Ka duba rufin nan mana. Jira kake ya faɗo masa a ka?"

Gaskiya rufin ya fara ciki. Gaskiya ne kuma duk Sallah motar Yaya a waje take kwana, awaki na hawa kanta suna huce gajiya. Ban san wanne ya fi damunsa a cikin biyun ba, ina jin shi ma bai sani ba. Ya sa na yi masa alkawarin yin shiru, na yi, don wanda ya sayi tikitinka ba ka cika yi masa musu a bayan mota ba. Raina dai ya ɓaci, kuma da ɓacin ran na hau hanya.

Daga Farin Dutse muka biyo ta Birnin Kudu, muka miƙi hanyar Kano. Baffa yana gaba, ya naɗe carbi a hannu, yana faɗin sunan kowane gari kafin mu shiga, da jin yanayin ramukan titi kawai. A Wudil ya sa aka tsaya ya yi bankwana da wani abokinsa mai sayar da tukwane, sai aka ce mana mutumin ya rasu tun bara. Muka yi ta'aziyya ga maƙwabcin rumfarsa, wanda bai san mu ba, muka wuce.

A jirgi Baffa bai ji tsoro ba, ni ne na ji. Abin da ya dame shi kawai shi ne alƙibla. Ya sa na tambayi ma'aikaciyar jirgi, ta nuna gaba. Bayan an jima jirgin ya karkata, ya sa na sake tambaya, ta sake nuna gaba. Baffa ya ce yarinyar nan ba ta san abin da take yi ba, ya yi sallarsa a zaune yana fuskantar bayan kujerar wani mai sanƙo.

A filin jirgin Alkahira aka buga mana hatimi lafiya, sai wurin binciken kaya. Ban san abin da matan gida suka cusa wa Baffa a jaka ba sai da jami'in ya zuge ta. Ga goro a cikin algarara, ga kuka, ga kuɓewa busasshiya, ga yaji, sannan can ƙasa ga wani ƙulli da aka naɗe da leda kan leda. Jami'in ya kwance shi a hankali, ya kai hanci. Daddawa ce, irin ta Gwaram, wadda ba ta ɓoye kanta. Mutumin ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana, ya kira na uku. A nan na fito da Larabcina. Na gyara murya na yi musu bayani da irin Larabcin da muka karanta a littattafan fiƙihu, na ce wannan abu ne mai tsarki, halal ne cinsa, kuma ba ya karya alwala. Suka dube ni kamar wanda ya taso daga wani ƙarni. Na ukun ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙulle ledar da kansa, ya yi mana nuni mu tafi da sauri.

Wanda ya tarbe mu shi ne Malam Habu, Bahaushe mutumin Haɗeja, wanda ya je karatu tun yana saurayi, karatun ya ƙare shi bai ƙare ba. Yanzu ya yi furfura, sana'arsa ita ce karɓar marasa lafiya daga gida, ya nema musu masauki, ya yi musu tafinta a asibiti. Ya sa mu a wata ƙaramar tasi. Game da tuƙin Alkahira abin da zan ce shi ne, na daina zagin direbobin tashar Gwaram. Can ba a taka burki, hon ake dannawa a madadinsa.

Masaukinmu yana can saman wani dogon bene. Aka shigar da Baffa lif, aka fito da shi, aka buɗe ƙofa, sai ga mu tsulum a falo. Ya tsaya yana lalube da sanda, ya ce, "Ina zauren?"

Malam Habu ya ce, "Baba, nan ba zaure. Daga ƙofa sai ɗaki."

Baffa ya ce, "To baƙo fa, a ina yake jira?"

"Yana bugo waya tukuna."

Baffa ya ce Allah ya kyauta. Washegari da safe ya sa na saukar da shi ƙasa. A bakin ƙofar benen akwai wani dattijo mai gadi da doguwar riga da rawani, yana zaune a benci. Baffa ya yi masa sallama, ya zauna kusa da shi, ya ɓara goro ya miƙa masa. Mutumin ya tauna, fuskarsa ta tattare, amma ya haɗiye don kara. Shi ma ya kawo wa Baffa shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, sukarin ciki ya isa kunun gida guda. Daga ranar nan kullum suna tare a bencin, wannan na Hausa wancan na Larabci, kowa na gyaɗa kai. Na tambayi Baffa me suke cewa, ya ce mutumin yana da hankali ƙwarai.

Abinci kuwa, da safe wake ne da gurasa, da rana gurasa ce da wake. Akwai wani da suke ji da shi, wanda ake zuba shinkafa da taliya da wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya. Baffa ya ɗanɗana ya ce wannan ragowar tukwane uku ce aka haɗa mana don an ga mu baƙi ne. Ranar da Malam Habu ya kawo wata koriyar miya mai yauƙi, Baffa ya sansana ya ce, "Lalo!" Lalo ne kuwa, ba ko tantama. Ya yi murna kamar ya ga ɗan garinsu, har sai da ya ji cewa da cokali suke shanta, ko su zuba a shinkafa. Ya ce mutanen da Allah ya ba lalo ya hana su tuwo, a yi musu addu'a. Abin da ya burge ni shi ne yadda matan benaye ke cefane. Mace tana sama za ta zuro kwando da igiya, mai gurasa ya saka mata, ta janye abinta, ba ta sauko ba, ba ta aiki kowa ba.

Aka yi aikin ido ɗaya, bayan 'yan kwanaki aka yi ɗayan. Rigimar da aka sha ita ce ta sujada, don likita ya hana shi sunkuyawa, Baffa kuma ya ce likitan ya kawo aya. Sai da Malam Habu ya zaunar da shi ya karanto masa hukuncin sallar mara lafiya sannan ya haƙura. Ranar da aka cire bandeji ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya ƙura mini ido ya daɗe. Na ɗauka addu'a zai yi. Sai ya ce, "Sunusi, ashe ka tsufa haka?" Na yi dariya, hawaye kuma na zuba, don rabon da Baffa ya ga fuskata tun ban fara furfura ba.

Da yamma Yaya Nafi'u ya bugo. Na gaya masa aiki ya yi kyau, ya yi hamdala da gaske. Sannan ya ce an riga an sauke bulo da yashi a ƙofar gida, ranar Asabar magina za su zo da diga. Ya ƙara tuna mini alkawari. Murnar da nake ciki ta koma ciki.

Likita ya ce kada mu hau jirgi sai ya sake duba idon, don haka muka sami kwanakin zama. Baffa, da baƙin tabarau a fuska, ya ce tunda an biya kuɗin ido sai a yi amfani da shi. Malam Habu ya fara kai mu wurin dalar nan da kowa ke tambayata. Gani ya kori ji. Kowane dutse ɗaya a jikinta ya kai ɗakin kwanana, an ɗora su kan juna har sai hularka ta faɗi in kana neman ƙarshensu. Baffa ya ce ya san dalar gyaɗa a Kano yana saurayi, ya tambayi me aka tara a cikin wannan. Malam Habu ya ce kabari ne, na sarki ɗaya.

"Mutum ɗaya?"

"Ɗaya, Baba."

"Yana ciki?"

"A'a, an daɗe da fitar da shi."

Baffa ya ce, "To ka ji." Ya ƙi shiga, ya ƙi hawa raƙumin da wani ya bi mu da shi yana kiranmu 'yan'uwansa. Ni na shiga, a sunkuye, cikin zafi da warin mutane, na tarar da ɗaki babu komai, na fito da ciwon baya. Na gaya wa Malam Habu mu ma a Birnin Kudu muna da zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, kuma ba a sunkuyawa haka kafin a gan su.

Masallatai su ne suka shiga ran Baffa. Akwai wani tsoho ƙwarai mai faffaɗan fili a tsakiya, da hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta ta waje. Muka shiga, hayaniyar gari ta yanke kamar an rufe ƙofa. Baffa ya bi bakunan ginin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ai daurin guga ne, sai dai nasu ya ci abinci ya ƙoshi. Ya shafa bango ya tambaya ko ana yi masa yaɓe. Malam Habu ya ce hukuma na gyarawa lokaci-lokaci. Baffa ya yi nafila a zaune, ya daɗe yana addu'a, ni kuma ina bayansa ina lissafin cewa jibi Asabar.

Ranar Juma'a da safe Malam Habu ya ce zai kai mu wani gida na attajiran da, a cikin tsohon gari. Muka bi wani lungu mai shimfiɗar dutse, masu sayar da fitilu da farantan tagulla na kiranmu ta ko'ina, har muka iso wata ƙatuwar ƙofar katako. Malam Habu ya sayi tikiti ya shige. Na bi shi. Da na waiwaya ban ga Baffa ba.

Yana waje, ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya tsaya a gefen ƙofa yadda ba zai hango ciki ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum!"

Na koma na ce, "Baffa, shigo, an biya."

Ya ce, "An biya me? Gidan mutane ne." Ya sake yin sallama, ya jira. Wasu Turawa suka zo suka raɓa shi suka shige da gajerun wanduna, ya bi su da kallo ta saman tabarau. Ya yi ta uku. Da bai ji amsa ba ya sunkuya zai sa takalminsa, ya ce mu tafi, masu gidan ba sa son baƙi yau.

Malam Habu ya yi ta bayani cewa ba kowa a ciki, gidan kallo ne. Baffa ya ce bai taɓa shiga gidan wani ba a amsa masa ba, kuma ba zai fara a ƙasar mutane ba. Ƙarshe dai sai da Malam Habu ya roƙi mai yagar tikiti. Mutumin ya ajiye jaridarsa, ya dubi Baffa, ya miƙe tsaye ya amsa sallamar cikakkiya har da wa barakatuhu, ya ƙara da marhaba. Sannan Baffa ya sa ƙafar dama.

Da shigarmu ya tsaya cak. Ƙofar ba ta kai mutum tsakar gida kai tsaye, sai ka shiga wani ɗan ɗaki mai dakali, ka karya kwana, sannan ka fita ta wata ƙofar. Baffa ya dubi ƙofar farko, ya dubi ta biyu, ya ce, "Sunusi, zaure!" Ya faɗe shi kamar yadda ya faɗi lalo. Ya ce ashe suna da shi, yarwa suka yi.

Gidan kam gida ne. Tsakar gida da bishiyoyi da wurin da ruwa ke tsartuwa a da. Babban ɗakin baƙi mai rufi can sama, an yi wa katakon ado da zane, ƙasa kuma duwatsu masu launi an jera su kamar saƙar tabarma. Akwai ɗakin zafi da ke fuskantar iska, akwai na sanyi. Tagogin sama duk an rufe su da katako sassaƙaƙƙe mai ƙananan ramuka, yadda matan gida za su ga waje ba a gan su ba, a nan kuma ake ajiye tulu iska ta sanyaya ruwa. Ko'ina tsaf, ko'ina an gitta igiya. Baffa ya gaji ya nufi wani dakali zai zauna, wani ma'aikaci ya daka masa tsawa daga nesa. Ya kai hannu zai shafa ƙofa, aka sake hana shi.

Ya tambayi Malam Habu, "Jikokin mai gidan fa?"

"Sun watse, Baba. Wasu na benaye irin namu, wasu na ƙasashen waje."

"Ba mai kwana a nan?"

"Babu. In yamma ta yi a kulle."

"Ba a girki, ba a suna, ba a makoki?"

"Ba a yi."

Baffa ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga, abin da likita ya hana. Ya ce, "An wanke shi, an yi masa sutura, an ƙi binnewa." Muka fito zuwa ɗan zauren nan na bakin ƙofa, inda mai tikiti ya bar shi ya zauna a kujerarsa. Yana zaune ya ce, a hankali, shi dai alhamdu lillahi, nasa na ƙasa ne, ba zane ba duwatsu, amma ko yanzu ya koma ya yi sallama za a amsa.

A nan alkawarina ya karye. Na durƙusa a gabansa, a gaban mai tikiti da Turawa, na ce, "Baffa, gobe za a rushe zauren." Na gaya masa komai, da bulo da get da falon baƙi. Na jira faɗa.

Bai yi faɗa ba. Ya mayar da tabaransa ya ce, "Wa ke zama a ciki tun da muka taho?"

Na ce ina jin ba kowa, tunda mai gida ba ya nan.

Ya ce, "To laifina ne. Ba ni waya." Na ɗauka Yaya Nafi'u zai kira, har na fara nemo lambar. Ya ce a'a, Ɗan'azumi. Baba Ɗan'azumi amininsa ne tun suna yara, tsohon direban babbar mota, wanda bai taɓa yarda da Baffa a kan komai ba. Suka gaisa, suka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka yi barka da ido, aka yi musu kaɗan a kan ko ruwa zai sauka da wuri. Can Baffa ya ce, "Ɗan'azumi, na yi sakaci, na bar zaure ba kowa. Ku je ku zauna mini har in dawo. Za a fito muku da fura." Ya miƙo mini wayar ya ce mu je kada mu rasa Juma'a.

Sauran labarin a waya na ji shi, daga bakin Yaya Nafi'u, da ƙarfi. Ranar Asabar magina suka iso da diga da shebur, suka tarar da zaure cike da tsofaffi. Ga Baba Ɗan'azumi, ga liman, ga mai unguwa, ga kuma kawun shi shugaban maginan, wanda ya yi masa wakilcin aure. Shugaban maginan ya ajiye diga, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Aka tambaye shi mutan gida, aka ba shi fura ya sha. Ba wanda ya tambaye shi me ya kawo shi, shi kuma bai ga bakin da zai ce wa liman ya tashi ba. Ya zauna har azahar, ya bi su salla, ya tafi. Washegari ya yi sammako, ya tarar daga masallacin asuba nan suka zarce. Ya gwada lokacin cin abincin rana, ya tarar sun raba kansu, wasu sun tafi wasu na gadi, har an kawo dara.

Yaya ya ce, "Sunusi, kai ka gaya masa!"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya kashe wayar. Bai sake kirana ba har muka taso, kuma na ji zafin hakan, don Yaya Nafi'u ba mugu ba ne, shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifina.

Likita ya sallame mu. Baffa ya bar wa mai gadin bene sauran goron, ya bar wa Malam Habu daddawa, wanda ya karɓe ta da hannu biyu kamar zai yi kuka. A Kano direban Yaya ne ya tarbe mu. Wannan karon Baffa bai faɗi sunan gari ko ɗaya ba, kallo kawai yake ta yi ta taga, yana mamakin yadda gidajen mai suka yi yawa.

Mun isa Farin Dutse bayan la'asar. Ga tulin bulo da yashi a ƙofar gida, ga motar Yaya Nafi'u a gefe da akuya a kanta, ga shi kansa a tsaye ya harɗe hannu. Baffa ya fito, ya wuce shi, ya je bakin zaurensa ya tsaya daga gefe. Ya tuɓe takalmi. Ya ce, "Salamu alaikum."

Ban san tsofaffi nawa ne a ciki ba, amma amsar da ta fito sai da ta kori akuyar daga kan mota. Na ga kafaɗun Baffa sun motsa. Ni dai na juya baya na yi kamar ina sauke kaya.

Bayan an gama gaishe-gaishe ya cire tabarau ya fara duba ginin. Rabon da ya gan shi da idonsa shekaru ne. Ya ga tsagar da ta taso daga ƙasa har sama. Ya ga inda gara ta cinye azara, ya sa sanda ya taɓa, gari ya zubo masa a hula. Ya fita ya ga zankon da ya karye da indararon da ya toshe. Ya daɗe a waje, sannan ya ce, "Nafi'u."

Yaya ya matso ya durƙusa. "Na'am, Baba."

"Ashe haka ya lalace. Kana da gaskiya, zai iya faɗowa."

Yaya ya ɗago da sauri, ya ce, "Abin da na gani ke nan, Baba. Wallahi tsoro nake ji."

Baffa ya ce, "Na sani. Allah ya yi maka albarka. Amma ni ma ai na lalace, har na fi shi. Da ka tashi, Misra ka kai ni aka gyara. Ba ka kira masu diga ba."

Yaya Nafi'u ya sunkuyar da kai. Baba Ɗan'azumi ya ce wannan ne karo na farko da Mamuda ya faɗi magana mai ma'ana, a rubuta ranar.

Bulon an yi wa motar rumfa da shi a gefen gida. Shugaban maginan nan shi ya nemo sababbin azara da tsohon da ya san daurin guga, aka sauke rufin aka mayar. Ranar yaɓe, kafin ruwan farko, duk muka hallara kamar da. Yaya Nafi'u ya zo daga Abuja da farar shadda, ya tsaya daga nesa yana ba da umarni, har Baffa ya aika a tambaye shi ko ƙafarsa ce ke ciwo. Yaya ya tuɓe rigar, ya naɗe wando, ya shigo cikin kwaɓa kusa da ni. Mun daɗe muna tattaka ƙasa bai dube ni ba, can ya ce in matsa ina taka masa ƙafa, na gane mun shirya.

Baffa yana kan dakali, ba tabarau, ba abin da ke wuce masa. Muna cikin shafe bangon gabas muka ji muryarsa.

"Nafi'u, can sama ka bar wuri. Ina gani."